Rana Ba Ta Barin Toka

A farkon Tarihin Kano, littafin nan da aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wanda Palmer ya mayar Turanci a 1908, marubucin ya jero manyan mutanen da Bagauda ya tarar suna riƙe da ƙasar Dala lokacin da ya zo. Kowa da sana'arsa. Gijigiji maƙeri ne, Hamburki mai magani, Ɗanbuntuniya mai tsaron gari da dare, Maguji mai haƙo tama ya narka. A tsakiyarsu kuma ga Bugazau, mai dafa giya. Malamin da ya rubuta wannan Musulmi ne, a birnin Musulunci yake zaune, amma bai ga dalilin tsallake sunan ba. Ya ajiye shi inda ya same shi, ya wuce.

Aikin Maguji ya bar shaida a ƙasa. An tono kashin tama da gawayi a Dala, gwaji ya nuna tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a wurin. To, aikin Bugazau fa? A ina ya girka tukwanensa, kuma mene ne sunan wurin?

Hausa tana da wata ƴar dabara ta raɗa wa wurin aiki suna. Ta ɗauko aikin, ta sa masa "ma" a goshi, shi ke nan wuri ya samu: maƙera, marina, majema, masaƙa, mahauta. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan, hoton wurin zai faɗo masa a rai, har da warinsa. Amma mai karatu ya gwada wannan dabara a kan toya abin ci da dafa giya, ya ga inda za ta kai shi. Matoya tana nan, sai dai a bakin maginan tukwane take, wurin da ake jibge ɗanyun tukwane a rufe su da kara da ciyawa a cinna wuta. Madafa ta kowa ce, tuwo da miya da ruwan wankan jego duk nan ne. Mashaya kuwa, tun asali bakin gulbi ne ko tabki inda dabbobi ke sauka su sha, daga baya aka ara wa masu barasa. Wurin sha ya sami suna, ko da na aro ne. Wurin dafawa sai dai a ce gidan giya, kamar yadda ake cewa gidan burodi, gidan mai waina, gidan mai ƙosai. Harshen ya tura mu cikin gida, bai kuwa yi kuskure ba, don can aikin yake. Sana'o'in da suka sami "ma" ɗin nan akasarinsu na maza ne, masu sarki da unguwa da rumfa a bainar jama'a. Toya da dama da dafa tsiro kuwa a bayan darni ake yinsu, a hannun mata.

Abin da ya sa nake wannan tone-tone shi ne yadda Turawa masu binciken kufai ke samun abin nan cikin sauƙi a tsofaffin garuruwansu. A ɗakin ajiyar littattafai na Sen Gal, a ƙasar Siwizalan, akwai wata taswira da aka zana wajen shekara ta 820 zuwa 830 a kan fatu biyar da aka ɗinke wuri guda. Tsarin zawiyar ruhubanawan Kirista ce, da gine-gine wajen 40. Wuri uku aka ware don toya burodi da dafa giya: ɗaya na ruhubanawan, ɗaya na manyan baƙi, ɗaya na matafiya da miskinai. A duk ukun, ɗakin burodi da na giya suna ƙarƙashin rufi ɗaya, domin bukatarsu ɗaya ce: hatsi, ruwa, itace, da kumfar da ke sa ƙulli ya tashi. Ba a taɓa gina zawiyar daidai yadda aka zana ta ba, amma irin wannan haɗi ya tabbata a dutse a wasu wuraren, kamar kangon zawiyar Fawuntins da aka kafa a arewacin Ingila a 1132. A wajen 1266 ma hukumar Ingila ta haɗa burodi da giya cikin doka ɗaya, ta ɗaure farashinsu a jikin farashin hatsi.

Sai dai ba kowace giyar Ingila ta bar gini ba. Har tsakiyar ƙarni na 14 mata ne ke dafa mafi yawanta a gidajensu, su sayar wa maƙwabta kafin ta lalace, kamar dai yadda masu burkutu ke yi har gobe. Sai da aka fara zuba mata wani fure mai ɗaci da ke sa ta daɗe, aka soma dafa ta da yawa ana kai ta nesa, jari ya shigo, sannan maza suka karɓe sana'ar, manyan gine-gine suka tashi. Mun ga irin haka da idonmu: wainar gero tana hannun mata a ƙofar gida, burodi kuwa da ya zo da injin kwaɓi da babban gini da masu kai wa shaguna, maza suka cika gidansa.

Akwai abu guda da Ingila ba ta da makawa sai ta gina, shi ne kuma ya fi yawan fitowa idan ana haƙa. Hatsi ba ya zama giya sai ya zama tsiro. A jiƙa shi, a tsame, a rufe shi ya yi ƴan kwanaki har ya fito da saiwa, lokacin ne garin da ke cikin ƙwaya ke shirin juyewa zaƙi. Daga nan dole a tsayar da tsiron da bushewa, in ba haka ba ya cinye zaƙin da kansa. Bature ba shi da ranar da zai dogara da ita, sai ya haƙa rami, ya jera masa duwatsu, ya yi masa maƙogwaro na hura wuta, ya shimfiɗa sha'ir a sama zafi na ratsa shi. Wani lokaci wutar ta fi ƙarfi ta kama hatsin. Bayan shekara ɗari bakwai mai haƙa ya zo ya tarar da ramin, da jan ƙasar da wuta ta gasa, da ƙonannun ƙwayoyin sha'ir kowace da ɗan tsironta. Ba ya bukatar dogon musu, wurin ya faɗi sunansa da bakinsa.

Mu kuwa a Mayahi da Tasawa, mace ta baza tsiron dawarta a kan tabarmar kaba da hantsi, kafin rana ta yi sanyi aiki ya yi nisa. Ta naɗe tabarma, ta kai dutsen niƙa. Rana ta yi abin da tanderun Bature ya yi, har ta fi shi tsabta, amma rana ba ta barin toka. Sauran aikin ma haka yake: a dama garin tsiro da ruwa, a dafa a manyan tukwane, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a huce, a zuba ɗan ragowar ta baya don ta tashi. Kwana biyu ta nuna, ƴan kwanaki kaɗan ta lalace. Abin da ba ya ajiyuwa ba a gina masa ɗakin ajiya. Tukwanen kuma a kan duwatsu uku suke zaune, irin na kowane murhu.

Ƙasar tamu ma ba mai riƙon amana ba ce ga mai binciken kufai. Gulbin Kaba yashi ne da goriba. Darni na kara ne, bukka ta zana da shuci, rumbu na kara ko na laka, duk abincin gara da damina. Ƙauye ya tashi saboda rijiya ta ƙafe ko gona ta gaji ko yaƙi ya matso, kafin jikokin masu shi su yi furfura wurin ya koma gona. Abin da ke saura shi ne tsingaro, da tsohon dutsen niƙa da ya lotsa, da tudun juji, wataƙila da kuka ko tsamiya tsaye ita kaɗai. Manomi ya fi kowa sanin kufai. Yana gane shi tun daga nesa ta yadda gero ke yin duhu a wurin, yana jin sa a hannu idan hauya ta daki tsingaro. Ita kanta kalmar kufai tana ɗauke da wani abu da kango ba shi da shi. Kango gini ne da ya rasa mutanensa, ana ganinsa. Kufai kuwa ginin ma ya tafi, sai sunan da tunawar.

A gabas da mu, a jihar Damagaram, akwai Kufan Kanawa, babban kufai mai ganuwa wanda labarin baka ke cewa daga nan mutanen Kano suka tashi. Anne Haour ta yi haƙa a wurin a farkon shekarun 2000, gwajin gawayi ya sanya zaman wurin tsakanin wajen 1300 da 1650, wato sa'an waɗancan garuruwa na Ingila ne. Mafi yawan abin da ƙasa ta ba da a can tsingaro ne. Idan aka kafa igiya aka ja layi a wani kufai na Kanan Bakashe ko Korgom ko Gidan Amumun, shi ɗin ne dai zai cika kwanduna. Hatsi ba ya kai shekara ɗari biyar a cikin yashi sai in ya ƙone ya zama gawayi. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. To, ashe akwai inda take kuɗi, sai dai mai rumbun ba ya kai ganin cinikin.

Wajen toya, kalmomin da kansu sun jeru sama da ƙasa, kamar yadda ƙasar rami ke jeruwa idan ana gina rijiya. A can ƙasa akwai waɗanda ba a san ranar shigowarsu ba: gero, dawa, maiwa, tsiro, ƙulli, tsami, gumba, fura, ko hura kamar yadda muke faɗa a nan. Gero kansa tsoho ne ƙwarai a wannan yanki na duniya, an ga sawun ƙwayoyinsa a jikin tsingaro a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, na wajen shekara 4,500 da suka wuce. A sama da waɗannan sai kalmomin da suka biyo raƙumi. Alkama ba ta ma cire rawanin Larabcinta ba, "al" ɗin na nan a kanta, haka alkubus, haka alkaki. Gurasa daga can take. A saman duka sai burodi da yis da fulawa, baƙin jiya.

Na tsakiyan nan sun fi ba ni sha'awa, domin a kansu ne takarda da ƙasa da harshe suka yi shaida iri ɗaya. Al-Bakri, wanda ya rubuta littafinsa a Andalus a 1068, ya ba da labarin Audagust, birnin fatake a kudancin Muritaniya ta yau. Ya ce ana noman alkama a can da fartanya ana ba ta ruwa da guga, manya ke cinta, talakawa na cin dawa. Ya ce akwai kuyangi baƙar fata gwanayen toya kayan zaƙi, ana sayen ɗaya miskali 100 na zinariya ko fiye. A lura da wannan: abin da aka sa wa kuɗi hannun mace ne, kuma baiwa. Ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. A Tadmakka kuma, a arewacin Mali, haƙar da Sam Nixon ya yi a 2005 ta fito da ƙwayoyin alkama a cikin tarin gero. Alkama abincin birni ce, ta fatake da sarakuna da ranar biki, haka kuma ta zauna a ƙasar Hausa. Alkaki da nakiya sai gara da suna da Salla, tuwo da fura kullum.

Ibn Battuta, da ya ratsa Mali a 1352 da 1353 kafin ya biyo ta Takadda, ya ambaci wani abin sha da aka ba shi mai suna dakanu, dakakken gero da ruwa da ɗan zuma ko nono. Duk ɗan Mayahi da ya ji wannan ya san ɗan'uwan abin da ke cikin ƙwaryarsa ne. Barth, wanda ƙasar nan ta sani da Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851 bayan ya biyo ayarin gishiri daga Abzin, ya ga soyayyar fara a ƙore ana sayarwa. Matafiya sun ga abinci, sun ɗanɗana, sun rubuta. Bayan darni ne ba su shiga ba.

Tanderu shi ne wanda ya fi kusa da abin da masu haƙa ke nema. A Kano, a Jakara da maƙwabtanta, har yau ana girke babbar tukunya, a ƙona kara a cikinta har jikinta ya ɗauki zafi, sannan a manna ƙullin gurasa a bangon ciki. Sunan dangin tannur ne na Larabci, kalmar da almajiri ke karantawa a Suratu Hudu cikin ƙissar Annabi Nuhu, kuma tsofaffin mutanen Iraƙi sun san ta tun dubban shekaru da suka wuce. Idan aka tarar da gindin irin wannan tukunya a kafe a ƙasa, cikinta ya ƙone, toka a kwance, to an sami wurin toya. Tanda ma, ta waina, ba ta ɓuya. Ko ɓallinta aka tsinta, ramukan nan sun tona asirinta. Ba banza ba Bahaushe, in yana son sanin abin da ake ƙullawa, yake cewa bari ya ga wainar da ake toyawa.

Matsalar tana ga babbar tukunya mai baƙin gindi. A ce an tono uku a jere a kusurwar wani gida. Na mene ne? Mai yiwuwa na giya ne. Mai yiwuwa na dafa kalwa ne don daddawa, ko na sabulun salo, ko na tuwon biki, ko na dafa saiwoyin magani. Duk sunan da mai haƙa ya rubuta a littafinsa, shi zai bi tukunyar har gidan tarihi, daga nan ya shiga littafin makaranta. Shi ya sa masu wannan ilimi suka koma tambayar tukunyar kanta. John Arthur ya zauna da mutanen Gamo a kudancin Habasha, ya lura cewa tsamin giya yana cin cikin tukunya, ya bar ta da ƙananan ramuka tun daga gindi har wuya. Delwen Samuel ta duba busasshen ragowar da ke manne a kasaken tsohuwar Masar da na'urar ƙara girman abu, ta ga yadda tsiro ya rarake ƙwayoyin garin hatsi, alamar da ɗanyen gari ba ya nunawa. A tukwanen Nok, a tsakiyar Nijeriya, binciken da aka buga a 2021 ya gano kakin zuma da ya shige cikin yumɓu tun wajen shekara 3,500. Yumɓu yana shan abin da aka zuba masa, kuma ba ya saurin mantawa.

Duk da haka a nan ƙasar sai an yi hattara, don tsami ba na giya ba ne ita kaɗai. Koko da kamu da ƙullin masa da ruwan tsamin tuwo duk sai sun kwana. Kunun zaƙi ma wasu da tsiro suke yinsa. Tsakanin abin da liman zai sha ya yi hamdala da abin da zai tsallake ya yi a'uziyya, wani lokaci hatsin ɗaya ne, tukunyar ɗaya, bambancin kawai kwana nawa aka bar shi da abin da aka zuba masa. Hausa ta san wannan iyaka sarai, ta ba kowane mataki sunansa: ya jiƙu, ya kwana, ya yi tsami, ya tashi, ya nuna. Wanda bai san waɗannan kalmomi a bakin masu aikin ba, ko da wace irin na'ura ya zo, zai iya kiran tukunyar koko ta giya, ko ya mai da ta giya ta koko.

Kuskure na biyun nan shi na fi jin tsoro, domin mu da kanmu za mu so a yi shi. Giya haramun ce a Musulunci, ba wanda ke jayayya da wannan, ba kuma kiran kowa nake ya koma gare ta ba. Amma ƙasar Maraɗi da Tasawa da Mayahi ƙasa ce da Anna, wato Hausawa masu bin addinin gargajiya, suka daɗe da al'adunsu, Guy Nicolas ya yi shekaru yana rubuta rayuwarsu a kwarin Maraɗi, kuma giya tana cikin tsafinsu da bukukuwansu na noma da farauta. Kakannin da yawa daga cikinmu ne. Harshen ma bai yarda ya manta ba. Alhajin da bai taɓa jin ko warinta ba zai ce wane giyar mulki na ɗibarsa, ko ya rantse cewa ko giyar wake ya sha ba zai aikata abu kaza ba. Kalmar ta zauna daram a cikin zance, sana'ar ce aka share daga labarin gida. Ina ganin wannan kunya ba ta da amfani. Faɗin abin da kaka ya yi ba halatta shi ba ne, kuma imanin jika ba ya ƙaruwa don ya yi wa kakansa ƙarya. Al'ummar da ke son ta san yadda Musulunci ya shige ta, sannu a hankali, gida gida, dole ta yarda a ga abin da ya tarar.

Lokaci kuma ba ya jiranmu ta fuska biyu. Tsofaffin da suka ga ana wannan aiki a ƙauyukan Anna, suka san sunan kowace tukunya da kowane mataki, suna ƙarewa. Kufai ma ana cinye su: garmar shanu na farfasa abin da hauya ke tsallakewa, masu bulo na kwashe tuddai, ga masu neman abin sayarwa. Mun ga abin da ya sami Bura a yammacin ƙasar nan. Bayan haƙar da Bube Gado ya jagoranta a 1983 ta fito da sunan wurin a duniya, ɓarayin kayan tarihi suka bi maƙabartun yankin suka yashe. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, akwai kuma cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai da aikinta ke nan, amma doka ba ta kwana a gona.

Saboda haka roƙona ga malaman makaranta da ɗalibai na Mayahi da Tasawa ƙarami ne. Wanda ke da tsohuwa a gida ya zauna kusa da ita da wayarsa, ya ce, "Inna, wannan babbar tukunya da ake girkawa, yaya kuke ce mata? Tsiron kwana nawa yake yi a rufe? Ragowar da ake zubawa don ta tashi, mene ne sunanta?" In ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, ina ruwanka da zancen jahiliyya," a lallashe ta, a rubuta yadda ta faɗa da harshen garinku, kada a gyara mata zuwa Kananci. Manomin da ya ci karo da tukwane a kafe a kufai kuma, don Allah kada ya tumɓuke su, kada ya wanke cikinsu. Ya mai da ƙasa ya rufe, ya sa alama, ya gaya wa mai gari a sanar da hukuma.